'Yar Ƙofar da Na Toshe

Mutane kan zo wurina neman shawara a kan ɗakunan haya, saboda ina da guda huɗu a bayan gidanmu a Bukkuyum, kuma ba a taɓa jin na yi rigima da ɗan haya ba. Nakan faɗa musu abin da na sani. Akwai abu ɗaya da ba na iya faɗa a zaure, don idan na fara shi murya takan ƙi ni. Shi nake so in rubuta, ko da hannuna bai saba da dogon rubutu ba. Firamare kawai na gama, sauran rayuwata a kasuwar hatsi na yi ta, ina awon gero da dawa da wake.

Gidanmu da gidan Goggo baya da baya suke. Ƙofarmu tana kallon gabas, tasu tana kallon yamma, katangar ƙasa ɗaya ce ta raba mu. Goggo ba 'yar'uwar mahaifina ba ce, maƙwabciya ce, amma da wannan kira muka tashi. Ita da Inna, mahaifiyata, kusan lokaci ɗaya aka kawo su unguwar, kuma mazajensu sun riga su tafiya.

A jikin katangar nan akwai 'yar ƙofa. Babba sai ya sunkuya yake wucewa. Ba ta da ƙyaure, tsohon buhu ne kawai a rataye. Irinta tana da yawa a tsofaffin unguwanni, kuma ta mata ce. Ta nan ake miƙa garwashi da gishiri da taɓarya, ta nan ake miƙa jariri idan uwarsa za ta shiga wanka. Mace ba sai ta nemi mayafi ta ratsa zaure ta bi titi ba. Namiji ba ya bi. Daga bakin ɗakin Inna zuwa inda Goggo take shimfiɗa tabarma, ta wannan ƙofar, taku bakwai ne. Ta titi kuwa sai ka fita gabas, ka wuce masallaci, ka wuce mahauta, ka tsallake kwalbati, ka karya kwana inda 'yan kabu-kabu suke tsayawa, sannan ka dawo ta layin yamma. Ga mai ƙarfi ba wani abu ba ne. Amma Inna gwiwoyinta sun gaji, Goggo kuma yanar ido ta rufe mata gani. Ɗaya ba ta iya doguwar tafiya, ɗaya ba ta ganin hanya. Taku bakwai ɗin nan kuwa ko ido rufe suna yin sa.

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ta ce ga abin da take so ba. Haka iyayenmu suke da ɗan fari, kunya ce, kuma kowa ya san da ita. Idan Inna tana da bukata, ta bakin Goggo take zuwa. Ina cikin ɗaure buhu a kan babur sai in ji buhun 'yar ƙofa ya motsa.

"Kai, mai awo! Tsaya nan."

"Goggo, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, ga wanda ɗansa ka duba shi. Tsohuwarka ba ta ce komi ba, ni nic ce: zanen sallarta ya mutu. Kana awon gero da mudu, kana awon uwarka da cokali."

Inna tana jin ta daga ɗaki, sai ta ce, "Ke dai mai bakin tsiya, wa ya aike ki?"

"Ji ta! Wa ya kwana yana nuna mani zanen?"

Duk abin da na taɓa yi wa Inna daidai, ta wannan hanyar labarinsa ya iso gare ni.

Tunanin haya a Anka na samo shi. Lokacin da haƙar zinariya ta tara baƙi a can, akwai wani dattijo da nake kai wa wake, yana da ɗakuna a bayan gidansa. Daga baya, da hare-hare suka yi yawa a ƙauyuka, mutane suka riƙa shigowa garuruwa da tabarminsu da tukwanensu suna neman inda za su sa haƙarƙari, sai na koma wurinsa na ce ya koya mini. Bai ɓoye mini komai ba.

Ya ce kada in ci bashi in sayi fili, in fara da ƙasar da nake da ita. In kuma zan saya wata rana, kada in saya sai na ga wurin da damina, na ga inda ruwa yake kwanciya. Ya ce in ɗaga harsashi sama da titi. In yi rufin kwano, don rufin ƙasa kowace shekara sai ya nemi hannu. In yi ɗakuna ɗai-ɗai, don masu neman haya a wajenmu ba masu ciki da falo ba ne. In ba 'yan haya ƙofarsu daban da bayan gidansu daban, yawancin faɗa daga nan yake tashi. Kada in sa kowa sai mai unguwa ya san shi, an yi magana gaban shaidu. In fi son mai iyali a kan wanda ba a san inda ya kwana jiya ba.

Sai ya ƙara biyu, waɗanda su na fi riƙewa. Ya ce, "In akwai katanga tsaye mai ƙarfi, jingina ɗakunanka da ita, ka huta da ginin bango guda. Kuma in wuri na ɗaukar huɗu, kada ka yi uku. Bayan gida guda ne, ƙohwa guda ce, na huɗun nan shi ne ribarka."

Shawararsa gaskiya ce, har yau ban ga ƙarya a cikinta ba. Shi bai san katangarmu ba. Ni na san ta.

A bayan gidanmu akwai fili inda mahaifina yake ɗaure awaki, da gurbin tsohon rumbu. Na auna da igiya. Ɗaki uku suna shiga ba tare da an taɓa 'yar ƙofa ba. Na huɗu kuwa daidai kanta yake faɗawa. Na auna ta arewa, na auna ta kudu, na rage faɗin ɗakunan a raina, bai canza ba.

A wannan lokacin Goggo ba ta gari. Jikarta ta haihu a Gummi, an zo an ɗauke ta ta zauna da mai jego har arba'in. Ina so in rubuta wannan yadda yake: ba sa'a ce ta sa aikin ya faɗo a lokacin ba. Na san ba ta nan, shi ya sa na gaggauta kiran magini.

Na je na durƙusa a bakin ɗakin Inna bayan la'asar. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Inna, ina so in yi ɗakuna a baya, na haya."

"Allah shi taimaka."

"Guda huɗu. Na huɗun zai hau kan 'yar ƙohwa."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Na ga ya tsaya. Sai ta ci gaba da tsinta, ta ce, "Gidanku ne."

"In kin ce a bari, sai a bari."

"Mi nas sani ga gini? Ku yi abin da kunka ga ya yi."

Na tashi na ce Inna ta yarda. Haka na faɗa wa ƙannena mata da suka bugo waya, haka na faɗa wa kaina. Alhali tun ina yaro na san Inna ba za ta taɓa ce mini a'a ba, ko da a kan ranta ne. Na kai tambaya wurin wadda kunya ta ɗaure wa baki, a lokacin da bakin nata yake Gummi.

Matata ta gwada. Tana zuba mini ruwa a buta ta ce, "Da an jira Goggo ta dawo."

Na ce, "Siminti ba ya jiran Goggo. Kullum tashi yake."

Ba ta ƙara ba. Magini ma ya gwada, shi da ba ruwansa. Da ya iso wurin ya ɗaga buhun da cebur, ya leƙa, ya ce, "Mai gida, wagga hwa?"

"Toshe ta."

"An gaya ma masu ita?"

"Ni ne mai ita."

Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin namijin da ke da irin wagga ba." Amma ya kwaɓa laka ya jera tubali, layi ɗaya, bai kai kaurin katangar ba. Kafin azahar an gama. Ta ɓangarenmu aka shafe da siminti, ya yi sumul, ba ka cewa an taɓa yin ƙofa a wurin. Inna ba ta fito daga ɗaki ba ranar. Buhun da aka cire ta aika matata ta ɗauko mata, ta naɗe shi ta sa ƙarƙashin gado.

Na bi sauran shawarwarin duka. Na fitar wa 'yan haya ƙofarsu ta lungun arewa, na yi musu bayan gida, na ja gajeren bango tsakanin sashensu da namu. A jikin bangon na bar wata mashiga, saboda rijiya ɗaya muke sha. Na tuna da masu ɗiban ruwa.

Da Goggo ta dawo, ɗan kabu-kabu ne ya zagayo da ita. Ta shiga wurin Inna suka daɗe, ban ji dariya ba. Da za ta fita na tare ta a tsakar gida na gaishe ta. Na shirya wa zagi, har ina fatan sa.

"Ɗaki nawa?" ta ce.

"Huɗu, Goggo."

"Allah shi sa albarka."

Shi ke nan. Ba ta ce mai awo ba. Daga ranar ba ta sake kirana da shi ba.

Ɗakunan ba su yi mako a buɗe ba. Na huɗun, wani manomi daga Zugu ne ya shiga da matarsa da 'ya'yansu mata biyu. Sun baro gonarsu ba girbi. Mutumin kirki ne, ya koma dako a kasuwa, matarsa tana dakau. Idan na gan su nakan ce wa kaina, ga shi nan, da ban yi na huɗu ba ina waɗannan za su kwana? Wannan maganar ta daɗe tana rufe mini baki.

Da farko an yi ƙoƙari. Kowace Juma'a ana kawo Goggo. Sai ya koma Juma'a biyu, don hawa babur yana ba ta tsoro tunda ba ta gani, kuma ba kullum ake samun mai rako ba. Na ce wa matata ta gaya wa Inna zan riƙa kai ta a babur ɗina. Amsar da ta dawo ita ce a bari, rana ta yi zafi. Na gane. Inna ba za ta hau bayan ɗan farinta ta riƙe rigarsa a bainar jama'a ba. Sau ɗaya ta hau na ɗan kabu-kabu, ta kwana uku gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Na saya musu waya, kowace da tata. Goggo ba ta ganin maɓallan, Inna kuma ta ce magana a cikin abin nan kamar magana da rediyo ce. Daga baya sai sallah zuwa sallah, sai in an yi rasuwa ko suna.

Inna ba ta yi ƙorafi ba. Cin ta ne ya ragu, maganarta ta ragu. Da safe takan dama koko kofi biyu kamar yadda ta saba, matata ta kai wa Goggo ɗaya in ta samu sarari, in ba ta samu ba ya huce a rufe. Bukatunta kuma suka daina isowa gare ni. Na ɗauka ba ta da su. Sai da na ga takalminta ya rabe biyu, ta ɗaure shi da zaren buhu, na tambayi matata tun yaushe, ta ce tun kafin azumi.

Sau da yawa na yi niyyar in fasa. Nakan ce bari shekarar mutumin Zugu ta cika. Da ta cika na ce ina zai je. Na ce in an samu sarari zan fitar da wata ƙofa a wani gefen, amma duk tsawon katangar ɗakuna ne a jingine, kamar yadda aka koya mini. Shekara ɗaya da rabi aka yi haka.

Ba na cewa ni na kashe Inna. Kwananta ne ya ƙare, kuma ciwon ya daɗe a jikinta. Abin da ke kaina daban ne.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Ta kwana biyu ba ta tashi, amma mun ɗauka irin wanda ta saba ne. Na ɗaure buhuna zan fita, na leƙa in yi mata sallama. Sai ta juyo ta kalle ni, ni kaina, abin da ban saba gani ba.

"Kai," ta ce. "Kira mani ita."

A iya sanina, wannan ne abu na farko da ta taɓa roƙona da bakinta.

Na sauke buhun na tayar da babur. Layin mahauta ya cushe da motocin hatsi da amalanke da shanun da ake korawa kara, kasuwar dabbobi. Na yi ta matsa ƙaho. A kwalbati wata mota ta tsaya ana sauke kaya, sai da na sauka na tura babur ta gefen rami. Na sami Goggo a kan tabarmarta, a jingine da katanga. Ban gama magana ba ta ce a ba ta mayafi. Neman takalminta ya ɗauki lokaci, ɗora ta a kan babur ya ɗauki lokaci, kuma dole na tafi a hankali, tana riƙe da ni da hannu biyu tana salati. Duk wannan abin, bango ɗaya ne tsakaninmu da Inna.

Tun daga zaure na ji kukan matata.

Goggo ma ta ji. Ta tsaya, ta yi innalillahi, sannan ta miƙo hannu ta ce, "Kama ni, kai ni gare ta." Na kai ta. Ita ta yi mata wanka, da lalube, kamar yadda suka yi wa juna alkawari tun suna da ƙarfi. Ba ta ce mini komai a kan 'yar ƙofar ba, ranar ko bayanta.

Bayan an share makoki, wata safiya ban fita kasuwa ba, ina zaune kusa da rijiya. Sai na ji bugu daga cikin ɗaki na huɗu, kamar daga nesa, sau uku. Aka ɗan yi shiru. Sai aka amsa daga kusa, sau uku. Na tashi na yi sallama. Matar mutumin Zugu ta fito da muciya a hannu, ta durƙusa.

"Mi ake bugu?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba mai gida, ka yi haƙuri. Goggo ce."

"Goggo?"

"Kullum in ka hita, Inna takan zo da sandarta. Ta tsaya nan ta yi sallama, ta ce, 'Masu ɗaki, ko in shigo?' In ce, Inna, gidanki ne hwa. Ta ce, 'A'a, ku kunka biya.' Sai ta shiga ta buga wurin nan sau uku, Goggo ta amsa. In Goggo ta riga ta, ita ta amsa. Ko magana ba a ji, bugun kawai. Sai ta ɗan zauna bakin gadona ta huta, ta koma."

"Tun yaushe?"

"Tun watan da munka shigo. Ta ce kada in gaya maka, kada ranka ya ɓaci." Ta share ido da bakin zane. "Da anka kai ta, kwana biyu shiru. Ran na uku sai nij ji bugu. Na san ta san ba ta nan. Amma ban iya barin tsohuwa tana bugu ba mai amsawa."

Na koma ɗakina. Ba zan rubuta abin da na yi a can ba.

Da yamma na tafi gidan Goggo da ƙafa, ta masallaci, ta mahauta, ta kwalbati. Ranar na fara duba katangar ta ɓangarensu da kyau. Ba a shafe ta ba. Siffar ƙofar tana nan, tubalin da sawun yatsun magini, kuma daidai tsayin kafaɗar mai zaune lakar ta loɓa ta yi santsi, ga wani ɗan dutse a ajiye a ƙasa.

Na durƙusa na ce, "Goggo, gobe zan kira magini. Zan fasa ta."

"Ka hwasa in tahi wurin wa?"

Ta juyo inda muryata take, ta sake tambaya.

"Su kuma masu ɗakin?"

"Zan nema musu wani wuri."

"Ina? An kore su daga gonarsu, kai kuma ka kore su daga ɗaki don zuciyarka ta yi sanyi? Ka yi guda, kada ka yi biyu."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta shafa lakar wurin da tafin hannunta. Sannan ta ce, "Ni nawa mai sauƙi ne, na yahe. Ita kuwa ba ta taɓa yarda ka yi laihi ba. In na zage ka sai ta ce yaro na neman na kansa. Har huska take ɓata mani." Ta laluba ta gyara dutsen kusa da ita. "Tashi ka tahi, magariba ta yi. In ka zo gobe ka zo da koko. Na matarka tsami ya yi mashi yawa, amma a kawo."

Ɗakunan suna nan, huɗu, duk da mutane. Ina gyara kwano kafin damina, ina kwashe bayan gida a kan lokaci, ban taɓa ƙara wa kowa haya a tsakiyar shekara ba. Wanda ya zo neman shawara nakan ba shi ta dattijon Anka, ban rage ko ɗaya ba. Idan na zo kan maganar jingina da katanga, nakan ce ya bi ta da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe, ya tambayi matan gidan ta ina suke bi, kuma kada ya tambayi wadda za ta ji kunyarsa. Wasu sukan yi dariya, su ce wannan kuma ai ba maganar gini ba ce.

Kowace safiya kafin kasuwa ina ɗaukar kofin koko in zagaya da ƙafa. Ba na hawa babur. Wani lokaci ina shiga zaurensu nake jin ta, sau uku, sai in tsaya da kofin a hannu har a amsa daga ɗaya ɓangaren, sannan in yi sallama.